Maɓallin Baya

Asabar, 27 ga Mayu, da hantsi

Kwana uku ke nan da dawowar ɗana Noboru. Kwana arba'in da shida ya yi a tsare a can. Ba zan rubuta sunan wurin ba. An ce ba a same shi da laifi ba, aka miƙa masa takalmansa a hannu, aka ce ya tafi gida.

Shi ya koya min rubutu, ina da shekara arba'in da ɗaya, a bayan katin da muke jera maɓallan kwala, wato wuyan riga mai cirewa da ake ɗaurawa da maɓalli gaba da baya. Ya ce, "Inna, in abu ya tokare miki ƙirji, ki sauke shi a takarda." Wannan littafin ma shi ya saya min. Shekara biyu ban taɓa shi ba, ina jin tausayin fararen shafukan. Yau na buɗe.

Yana bene. Ya ci rabin kwano.

Litinin, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Malam Kuwabara ya zo, shugaban makarantar da Noboru yake koyarwa. Na so in kai shi ciki, ya ce a'a, ya zauna nan shago kan akwatin tagulla. Mijina Jinbei ya ɗauke ƙafa daga injin bugu, gidan ya yi tsit.

Malam ya ce ya gaya wa shugabanninsa ciwo ne ya kwantar da Noboru, amma ba zai iya wuce Litinin 19 ga Yuni yana faɗin haka ba. "Ya zo taron safe, ya tsaya gaban 'yan ajinsa da kwat da kwala kamar kowane malami. In ya tsaya, magana ta mutu. In bai zo ba dole in ba wani ajin, kuma kun sani, bayan wannan babu makarantar da za ta karɓe shi a duk Osaka."

Na sunkuya har goshina ya taɓa tabarma. Jinbei kuwa idonsa yana wuyan baƙon. Da baƙon ya fita sai Jinbei ya ce, "Maɓallinsa mai haɗin dalma ne. Kafin sanyi kan zai cire."

Yaya Otane, yayar Jinbei, da take juya mana gangar goge maɓallai tun rasuwar mijinta, ta buga cinya. "Mutum ya zo da maganar ɗanka, kai kana leƙen maƙogwaronsa! Tun kana tsumma haka kake, mai kan tagulla."

Saura kwana ashirin da ɗaya.

Laraba, 31 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Na wanke farar rigar Noboru, na sa wa kwalar sitaci har tana ƙara in an ƙwanƙwasa. Na hau na ce, "Zo mu gwada. Gwaji kawai." Ya sa rigar da kansa. Na zaga bayansa in ɗaura masa maɓallin baya kamar kullum.

A gidan nan ni nake ɗaura na baya, na uban da na ɗan. Ina amarya Jinbei ya ce ba a sanin gaskiyar sabon maɓalli sai a wuyan mai rai, in ɗaura masa in faɗa ko yana shiga ramin kwala ba gardama. Daga gwaji ya zama al'ada. Noboru ma tun ranar da ya fara sa kwala hannuna ne.

Na ɗaura. Ya ɗauki na gaba zai sa, bai kai ga sawa ba. Ya fizge kwalar gaba ɗaya. Maɓallin ya yi tsalle ya bi matakala, ina jin sa ƙis, ƙis, ƙis har ƙasa. Ya koma lungu ya manne da bango yana haki, hannu a maƙogwaro.

"Yi haƙuri, Inna."

Wai shi ke ba ni haƙuri.

A ƙasa na tarar da Jinbei ya tsinci maɓallin yana juya shi a haske. Ya ce, "Gindin ya yi kauri. Yana danne masa maƙogwaro." Shekara ashirin yana buga wannan maɓallin, bai taɓa yarda yana da aibi ba sai yau.

Alhamis, 1 ga Yuni, da yamma

Bai sauko ba. Rabin kwano.

Asabar, 3 ga Yuni, da rana

Jinbei ya bar aikin kasuwa, kwana biyu yana kan magagari yana sassaƙa sabon ƙarfen siffa. Maɓallinmu guntun tagulla ɗaya ne, bugu biyar ake yi masa ya fito da gindi da kara da kai, ba haɗi ba dalma, shi ya sa ɗan ƙaramin akawu yake iya sayen kati guda. In za a canja ko da kaurin gashi ne, sai an sake ƙarafan siffa biyu daga cikin biyar ɗin.

Sabon maɓallin ya fito, gindinsa siriri kamar ɓawon kifi. Bai hau ya kai wa Noboru ba. Ya sa shi a ƙaramin faranti, ya ajiye a matakala ta uku.

Yaya ta ce, "Mage kake ciyarwa? Hau ka ba shi mana."

Ya ce, "Juya gangarki, Yaya."

Lahadi, 4 ga Yuni, da safe

Mun gwada. Na ɗaura na baya, ya ɗauki na gaba. Haka dai.

Talata, 6 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Matar mai awara ta tambaye ni ya jikin malam. Na ce da sauƙi. Ta saka min yanka uku maimakon biyu, ta ɗauke kai tana magana da wata. Kowa a layin nan ya sani. Ba wanda ya ce komai. Ban san ko in gode musu ba.

Maɓalli na biyu bai yi ba. Yau na dawo na tarar da Jinbei ya ɗaga haɓa sama, ya manna danƙwalen tuwon shinkafa a maƙogwaronsa yana dannawa, wai yana ɗaukar siffar ramin wuya don gindin na uku ya zauna a ciki kamar murfi. Yaya tana dariya har tana riƙe ganga.

"Kinu, zo ki ga mijinki. Ya manta inda bakinsa yake."

Ni ma na yi dariya. Sai na ji motsi a bene, na haɗiye ta. Daga baya na yi tunani, da na bar ta ta fita, ko zai so ya ji.

Na ukun ya fito da ɗan lotsawa a gefe, ƙarfen ya goce. Jinbei ya ce shara ne. Duk da haka ya sa a farantin.

Alhamis, 8 ga Yuni, da safe

Damina ta sauka. Komai ya yi danshi, kati yana lanƙwashewa a hannu.

Noboru ba ya zuwa gidan wanka, don haka nake kai masa ruwan zafi bene. Yau na koma ɗauko kwarya da wuri, bai gama sa riga ba. Abin da na gani ba zan rubuta ba. Ko zan rubuta ban san haruffansa ba.

Na sauko na jera dozin talatin ban ɗaga kai ba.

Rabin kwano.

Asabar, 10 ga Yuni, da magariba

Na ce bari in ji da wuyana abin da yake ji. Jiya na ɗauko tsohuwar rigar Jinbei da kwala, na sa a ƙarƙashin kayana, da maɓalli na huɗu a maƙogwaro. Yaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, manajan banki. A kawo shayi?"

Jiya da rana na cire, kunya ta hana ni. Yau na daure tun safe har yanzu. Na yi wanki da shi, na yi girki, na sunkuya na miƙe. Ba ya danna komai. Har mantawa na yi yana nan.

Da na cire sai ga ɗigon kore a wuyana, kamar ƙwayar wake. Maɓallan gwajin tsurar tagulla ne, ba a kai su wankan nikel, farin ƙarfen da yake rufe tagulla, ba, don kwana uku ake yi kafin su dawo. Jiya da na yi rabin wuni ba abin da ya fito. Kore ba ya fitowa sai tagulla ta wuni tana shan gumi.

Jinbei ya gani ya ɓata rai. Abin da yake taƙama da shi ke nan a gaban dillalai: namu na talaka ne, amma ba ya bar wa talaka kore a wuya.

"Goge shi kafin wani ya gani."

Na ce, "Baban Noboru, ba ya ciwo fa. Ko kaɗan."

"Wuyanki daban, nasa daban." Ya koma kan magagari.

Litinin, 12 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ya sauko! Da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi. Ya gaida uban, uban ya amsa wa inji. Ya tsaya bakin famfo yana wanke kwanonsa. Na yi kamar ina tsince shinkafa.

Sai Yaya ta zo ta bayansa za ta ɗauki ludayi a ƙusa. Ko taɓa shi ba ta yi ba. Kwanon ya tarwatse a ƙasa, shi kuma yana can jikin bango, fuska fara fat.

"Goggo, ban ji zuwanki ba."

"Ni da nake tafiya kamar akwatin ƙusa?" Ta so ta mai da shi wasa, muryar ta ƙi.

Ya hau. Yaya ta koma gangarta, ta juya ta fi awa ɗaya babu maɓalli ko ɗaya a ciki, sai dussar katako.

Kwana bakwai.

Talata, 13 ga Yuni, da yamma

Na biyar bai yi ba. Na shida yana kan hanya.

Yau na ji haushin mutumin nan. Maɓalli shida, kalma ko ɗaya bai hau da ita bene ba. Na ajiye masa abinci da ƙarfi har romon ya zuba. Bai ma lura ba. Yatsunsa duk sun tsage, ya ɗaure biyu da tsumma.

Sai kuma na ji haushin kaina.

Laraba, 14 ga Yuni, da safe

Ruwa. Rabin kwano. Kwana biyar.

Alhamis, 15 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Bari in rubuta a jere kamar yadda ya koya min.

Na ɗauko wanki zan kai bene. Inji yana bugu, don haka ba a jin tafiyata. Da kaina ya kai daidai daɓen sama sai na hango shi ta ƙofar da ba ta rufu ba. Yana zaune, bayansa a bango, ya jingina madubina a gwiwa. Rigar tana jikinsa. Kwalar tana wuyansa. Ya ɗaura maɓallin gaba da kansa, tsam a maƙogwaro, bayan kwalar kuma yana sake, ya ɗage kamar fiffike. Yana numfashi lafiya lau. Har juya kai yake yi dama da hagu.

Na tsaya da wankin a hannu. Na ga maƙogwaron ba abin da ya dame shi.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa min ɗaya bayan ɗaya. Yadda yake kwana a lungu. Yadda yake cin abinci a jikin bango. Yaya da ludayi. Sau shida muna gwadawa, sau shida ina zagawa bayansa, inda ba ya gani na, in sa masa yatsu masu sanyi a ƙeya. Kafin ya kai ga na gaba, ya riga ya koma can.

Na sauko da baya, matakala ɗaya ɗaya. Na zauna a ta uku kusa da farantin.

Ni ce.

Juma'a, 16 ga Yuni, da hantsi

Na gaya wa Yaya muna jera kati. Ta ajiye nata ta dube ni. Can ta ce, "Ke ma dai, Kinu. Duk mazan garin nan a cinya suke ɗaura na baya, kafin su zura riga. Mijina haka ya yi har ya mutu. Ke kaɗai kika sangarta naki biyu, sun girma ba su san inda ƙeyarsu take ba."

Na ce, "Mu da muke yin abin, ba mu sani ba."

"Kun sani. Kun dai manta ne." Ta miƙo min gefen hannun rigarta, na goge ido.

Jinbei ne ya fi min wuya. Na jira sai da ya tsaya shan shayi. Na bakwai yana gabansa, rabin bugu. Na faɗa masa duka, ina kallon tabarma. Na ce, "Ba ƙarfenka ba ne, Baban Noboru. Tun farko ba shi ba ne."

Ya daɗe yana hura shayin da ya riga ya huce.

"Tun a na uku na sani."

"To me ya sa ka ci gaba?"

"Me kuma na iya, Kinu?"

Ban taɓa jin ya tambaye ni abu da wannan muryar ba. Na ɗauki hannunsa na kwance tsumman, na sake ɗaurewa da mai tsabta. Ya bari.

Asabar, 17 ga Yuni, da rana

Na ɗaura kwalar a jikin rigar a kan cinyata. Minti ɗaya bai kai ba. Na shimfiɗa ta a bakin ƙofarsa, na ce, "Ga riga nan, na baya yana ciki. Ni na sauka." Na sauka da ƙarfi don ya ji kowace matakala.

Mun zauna mu uku a shago ba mai aiki. Yaya tana cewa, "Kar ki kalli sama, za ki huda rufin."

Bai sauko ba. Amma ba mu ji komai ya bi matakala ba.

Ya cinye kwanon.

Lahadi, 18 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Shi ya kira ni. Na shiga ta gabansa, na zauna nesa kaɗan, hannuwana a kan gwiwa inda zai gan su. Ya kalli hannuwan, ya kalle ni.

"Kin gane ke nan."

"Na makara."

"Inna, ba ke ba ce. Ina jin ƙamshin sabulunki, na san ke ce. Jikin ne ba ya jin magana." Ya sunkuyar da kai. "Na kasa faɗa miki. Na san yadda kike son ɗaurawar nan."

Na ce, "Ɗan banza. Da ka bari ubanka ya ƙarar da tagullar Osaka."

Ya yi dariya. Ƙarama ce, ta hanci, amma dariya ce. Ya ga baƙin fensir a yatsana ya ce, "Kina rubutu?" Na ce ina yi. Ya ce, "Har yanzu kina danne fensir kamar kina huda kwala?" Na ce har yanzu.

Ban tambaye shi gobe ba. Bai ce ba.

Litinin, 19 ga Yuni, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ya sauko da rigar a jikinsa, kwalar a buɗe ta gaba, kwat a hannu, farantin maɓallai a ɗaya hannun. Ya ajiye farantin a kan teburin uban. Jinbei ya riga ya fito da sabon kati mai nikel, yana ƙyalli. Noboru bai kalle shi ba. Ya tona cikin farantin da yatsa, ya ɗauko na uku, mai lotsawar nan.

Uban ya ce, "Wannan ne mafi muni a cikinsu."

"Shi ya fi zama, Baba. Na gwada su duka."

"Bai sha nikel ba. Kore zai yi maka."

"Bari ya yi."

Ya ɗaura a gabanmu. Sau biyu yatsansa ya goce. Hannuwana sun so su tashi, na zauna a kansu. A na uku ya shiga.

Yaya ta ce ya bar motar lantarki, cunkoso ya yi yawa, ya taka da ƙafa, kuma a taro ya tsaya ƙarshen layin malamai ta wajen katanga. Ya ce, "To, Goggo." Muka koma gefe dukanmu don kar kowa ya zama a bayansa. Ya ɗauki lema. Ya fita.

Ban bi shi ba. Ban ma leƙa ba. Yaya ce ta leƙa, ta ce ya sha kwana.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na kunna wa kakanni turare sau biyu. Na jera kati guda a juye, sai da na kwance.

In ya kai bakin kogi ya cire, ya zauna har yamma, ya mayar ya dawo, ba zai faɗa ba. Don kar mu ji ciwo ba zai faɗa ba. Na san ɗana.

Jinbei yana bugun aikin kasuwa, amma ƙafarsa ba ta bin ƙa'ida. Bugu uku, shiru. Bugu uku, shiru.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ya dawo biyar saura. Kwat a jiƙe da gumi, alli a hannun riga. Ya ce, "Na dawo." Muka amsa mu uku a tare kamar 'yan aji. Ba wanda ya iya tambaya.

Ya zauna bakin daɓe, ya cire takalmi, ya kai hannu ya ɓalle na gaba. Kwalar ta buɗe.

Ga shi nan a ramin maƙogwaronsa. Kore shar, ya fi nawa girma, har da ɗan gibi a gefe inda lotsawar take.

Yaya ta rufe baki da hannu biyu. Jinbei ya matso ta gabansa, ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, kamar yadda yake duba kayan da dillali ya dawo da su.

"Abin kunya," in ji shi. "A gidan Jinbei." Ya wuce bakin famfo, ya buɗe ruwa, ya yi ta wanke fuska har Yaya ta ce zai ƙarar da kogin.

Noboru ya ce yaran sun yi surutu, ɗaya ya tambaye shi ko ciwon ya warke, ya ce masa saura kaɗan. Sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Inna, ɗan goge min."

Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi. Na zo ta gaba. Na goge a hankali, ina kallonsa yana kallona. Bai motsa ba.

Kwano biyu. Ya nemi ƙari, shinkafar ta ƙare.